'Yan Daudu da Hoto: Tarihin da Aka Rubuta Ba Fuska

Wanda ya nemi tarihin 'yan daudu a ƙasar Hausa zai same shi a rubuce, amma da wuya ya ga fuskokin masu shi. Mutane ne da ba su ɓuya ba. A tashoshin mota da kasuwanni suna dafa abinci suna sayarwa, a gidajen mata masu zaman kansu su ne 'yan aike, a wajen bori kuwa suna da gurbinsu. Waɗansu ma sun ce sunan ya samo asali ne daga Ɗan Galadima na bori.

Frank Salamone, Ba'amurken da ya yi bincike a Yauri cikin Gungawa bayan da ruwan Kainji ya tashe su daga gungunansu a 1968, ya yi rubutu a kan bori a can, daga baya a 2007 ya yi a kan 'yan daudu. Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano, littafinsa ya fito a 2009, sa'an nan ya sake wa mutanensa sunaye domin kada a gane su.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin doka. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya lissafta namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Daga 2000 jihohi irin su Zamfara da Kano da Kabi suka kafa dokokin Shari'a. A 2007 aka kama maza 18 a Bauci. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta yanka shekara 14 a kurkuku ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu. To, hoton da masani ke kira shaidar tarihi, shi ne alƙali zai karɓa shaidar laifi.

A Afirka ta Kudu, inda tsarin mulkin 1996 ya hana nuna bambanci a kan wannan, Zanele Muholi ta soma ɗaukar irin waɗannan mutane a 2006, fuska a buɗe, kowa da sunansa. Robin Hammond na New Zealand kuwa, da ya zo Nijeriya a 2014 ya ji labarin samarin da aka yi wa bulala a Arewa, sai ya koma ga Polaroid, watau hoto nan take, don wanda aka ɗauka ya duba, in ya ga hatsari ya yage shi.

Akwai kuma wani kuskure da baƙi ke yi. Daudanci sana'a ne da salon magana da zama, ba lalle ya zo daidai da sunayen da Turawa suka ba irin waɗannan mutane ba, da yawansu ma suna da mata da 'ya'ya. Mai hoton da ya rubuta sunan Turai a ƙarƙashin hoton mai tuwo a tasha ya ɗora masa abin da shi bai faɗa ba, kuma shi za a bari a garin bayan baƙon ya tafi.