Ƙaramin Jirgin Ƙasa: Daga Lambunan Ingila Zuwa Tashar Zariya

A ƙasar Ingila da Amurka akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar ƙera ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da tururi. Sukan shimfiɗa masa dogo a cikin lambu bayan gida, su zuba ruwa a tukunyarsa, su hura wuta, har ya tashi yana huci yana jan taragai. Wanda ya ji wannan labari a ƙasar Hausa zai ce wasan yara ne manya suka ƙwace. Amma in an bi asalin abin, sai a tarar ya samo tushe daga wata tambaya mai nauyi, wadda ita ce kuma aka yi a Zariya a 1911, watau: iyakar ƙanƙantar da za a yi wa dogo, ya kuma yi amfani.

Wanda ya fara bin wannan tambaya da gaske shi ne Sir Arthur Heywood. A 1874 ya shimfiɗa dogo a gidansa na Duffield Bank, faɗin tsakanin ƙarafan inci 15 tak, alhali kuwa na manyan jiragen Ingila inci 56 da rabi ne. Nufinsa ya nuna wa masu manyan gonaki da hukumar soja cewa ɗan siririn dogo ya fi keken doki araha wajen jigilar kaya. Kaɗan ne suka karɓi shawararsa, sai dai a 1896 ya gina wa mai gidan Eaton Hall irinsa. Da masu amfani suka yi sanyi, sai masu sha'awa suka ɗauka. Kamfanin Bassett-Lowke na garin Northampton ya shiga ƙera ƙananan injuna na sayarwa, mujallar Model Engineer, wadda aka fara bugawa a 1898, ta riƙa koya wa maƙeran gida yadda za su yi nasu. A 1927 aka buɗe layin Romney, Hythe da Dymchurch mai faɗin inci 15, yana ɗaukar fasinja. A 1950 Walt Disney ya shimfiɗa nasa a bayan gidansa a Amurka, faɗinsa inci 7 da kwata.

Abin lura shi ne, ƙaramin injin nan da babban duk hanyar aikinsu ɗaya. Wuta ta tafasa ruwa, tururi ya taru cikin tukunya ya rasa mafita, sai a sake shi ya tura sandar ƙarfe gaba da baya, sandar ta juya ƙafafu. Bambancin sai a girma da abin ƙonawa, gama ƙananan sukan yi amfani da kwal, ko barasar ƙonawa, ko iskar gas.

To, a Arewa ba a yi siririn dogo domin nishaɗi ba, larura ce ta kawo shi. A 1901 Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa ɗan layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Wushishi zuwa Zungeru. Bayan haka, zamanin Gwamna Girouard, aka fara babban layi daga Baro a 1907, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, ya biyo ta Zariya, ya isa Kano a 1911. A lokacin nan kamfanonin haƙar kuza sun cika tsaunukan Jos, kuzar kuwa a kan 'yan dako a ke ɗauke ta har Loko a bakin Binuwai. Tsada da jinkiri suka sa kamfanonin suka matsa a yi musu dogo. Gwamnati ba ta da kuɗin babba, saboda haka aka zaɓi ƙarami, aka kwaso kayan layin Wushishi aka haɗa da su. Aiki ya tashi daga Zariya a 1911, ya kai Rahama a 1912, ya hau tudu ta Jengre, ya kai Jos da Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143. Faɗinsa inci 30, watau ninkin na Heywood daidai. An kira shi da sunan Bauci domin Jos a cikin Lardin Bauci ta ke a sa'an nan, amma bai taɓa shiga garin Bauci ba.

Arahar nan ita ta zama ajalinsa. Da ya ke faɗin layukan biyu bai zo ɗaya ba, tarago ba ya ƙetarawa daga wannan zuwa wancan. Duk buhun kuza sai an sauke shi a tashar Zariya, an sake loda shi da hannu. Wannan ya samar wa lebura aiki, ya kuwa ƙara jawo baƙi. Mutanen Kudu suka zauna a Sabon Gari, 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba aka ba su wuri a Tudun Wada, tsakanin birni da tasha. Amma a 1927 babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, ya kawo kwal na Inugu, ya kwashe kuza kai tsaye zuwa bakin teku. Daga nan ƙaramin jirgi ya koma na talakawan Soba da Dutsen Wai da Rahama, motoci kuma suna ta cin kasuwarsa, har aka rufe shi a 1957. An ajiye waɗansu injunansa da taragai a Jos domin tarihi.

Dogo ya tafi, amma ya bar sawu a harshe. Kalmar jirgi a dā ta abin hawan ruwa ce kaɗai. Da sabon abu ya zo, Hausawa suka faɗaɗa ta, suka ce jirgin ƙasa, daga baya kuma jirgin sama, har ya zama dole a ce jirgin ruwa in ana nufin na asali. Reluwe da tasha da kwal da direba aro ne daga Ingilishi, an gyara su sun dace da bakin Bahaushe. Dogo kuwa kalmar gida ce aka ɗora wa ƙarfen don tsawonsa. Ga hanyoyi uku ke nan da harshe ya kan karɓi baƙon abu: faɗaɗa ma'ana, da aro, da laƙabi.

Sha'awar ƙera ƙaramin abu ma ba baƙuwa ba ce a nan. Yaran Hausawa sun daɗe suna ƙera mota da jirgi da karan dawa, da gwangwani, da waya. Abin da Bature mai lambu ya fi su da shi tukunyar tururi ce da kayan aiki, ba ido ko hannu ba.

Saboda haka akwai aiki a kan malaman makarantun horon malamai da masu nazarin Hausa. Wanda ya hau ƙaramin jirgin nan yana ɗan shekara 10 a 1957, yau ya tasam ma 80. Sunayen da suka ba jirgin, da kirarinsa, da kalmomin lebura na tasha, duk a bakinsu su ke. In ba a aika ɗalibai Tudun Wada da Soba da Rahama sun rubuta su yanzu ba, ƙarfen da ke Jos zai ragu, amma ba mai iya faɗin abin da Bahaushe ya kira shi.