Jinin Havasupai: Wa Ke Da Iko Da Abin Da Aka Ɗiba A Jikinka?

Yanzu da masu bincike na gida da na waje ke shiga ƙauyuka da kwamfutocin hannu suna ɗaukar bayanai da jini da yawu, ina so in ba ku wani tarihi daga Amurka, domin tambayar da ke cikinsa tamu ce.

Havasupai ƙaramar ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka, mutane 'yan ɗaruruwa, da ke zaune can ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona. Mota ba ta zuwa ƙauyensu, sai a ƙafa ko a kan alfadari ko jirgi mai saukar ungulu. Ciwon suga ya addabe su, sai a 1989 suka nemi taimakon wani malamin Jami'ar Jihar Arizona da suka daɗe da sani. Daga 1990 aka fara ɗibar jininsu. Abin da suka fahimta shi ne za a binciko dalilin ciwon suga, shi ke nan.

Amma takardar amincewa da wasunsu suka sa wa hannu an rubuta ta da faɗi, ta haɗa da matsalolin ɗabi'a da na lafiya baki ɗaya. Ba a gano abin da aka je nema ba, jinin kuwa ya ci gaba da zama a firiza, har aka raba wa wasu masu bincike. Aka yi nazarin taɓin hankali da shi, aka yi na auren zumunci, aka kuma yi na asalinsu, wanda ya nuna kakanninsu daga Asiya suka fito, alhali su a tarihinsu a wannan kwazazzabon aka fara su.

Sai a 2003 asiri ya tonu, lokacin da wata 'yar ƙabilar ta halarci gabatar da aikin digirin digirgir a jami'ar, ta ji ana bayani kan jinin danginta. Ƙabilar ta haramta wa ma'aikatan jami'ar taka ƙasarta, ta shigar da ƙara a 2004. Malamar da ta jagoranci aikin ta dage cewa ta sami izini. A Afrilun 2010 aka yi sulhu: dala dubu 700 ga mutum 41, da kuma mayar musu da jininsu. A wajensu wannan na biyun ya fi kuɗin, don a imaninsu mamaci ba ya samun natsuwa matuƙar wani ɓangare nasa na hannun wasu.

To, ba sai mun je Arizona ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne; kamfanin ya ce ya sami amincewarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano, amma sai da aka buƙaci gwajin DNA kafin a tantance wa zai karɓi diyya. Kun ga illar rashin bayanai a hannun masu abu ke nan: mai haƙƙi ne ya koma yana neman shaidar kansa. Kuma da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003, wannan labari na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kafawa.

Ni dai ba na adawa da bincike, wallahi. Ba don shi ba da babu rigakafin da ya ceci 'ya'yanmu. Abin da nake cewa shi ne amincewa tana da iyaka. Wanda ya ba ka aron jaki ka kai kaya kasuwa bai ce ka ba maƙwabcinka haya ba.

Yau muna da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Amma doka ba ta yin tambaya da kanta. Mu ma'aikata da takardun neman izini ke bi ta teburinmu, da masu unguwanni da ke tara jama'a a ƙofar gida, mu ne za mu tambaya: Me za a yi da shi takamaimai? A wace ƙasa za a ajiye, har zuwa yaushe? Wa kuma za a ba? In mutum ya fasa, za a goge nasa? An karanta masa takardar da harshen da yake ji, an bar masa kwafi?

Mai bincike na gaskiya ba zai ji haushin waɗannan ba. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ai ya riga ya ba ku amsa.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana.