Waiwaye: Yadda Lantarki Ya Samu Gindin Zama a Injin Motocin Ƙasaita

A shekarar 1900 wani matashin injiniya mai suna Ferdinand Porsche, wanda ke aiki da kamfanin Lohner a ƙasar Ostiriya, ya ƙera motar da ya raɗa wa suna Semper Vivus. Ƙananan injinan fetur biyu ne ke juya janareto a cikinta, wutar da suka samar kuma ita ke tafiyar da injinan lantarki da aka dasa cikin tayoyin gaba. Dabarar ta yi aiki, amma batir ɗin darma na wancan zamani nauyi gare shi na fitar hankali, ga tsada. Da injin fetur ya ƙara inganci, mai kuma ya yi araha, sai aka jingine maganar haɗa fetur da lantarki har kusan ƙarni guda.

Kamfanin Toyota ne ya farfaɗo da ita a 1997 da motar Prius. Ita ta sa duniya ta riƙa yi wa injin haɗaka kallon kayan masu tsimin mai, waɗanda ba sa gaggawar zuwa ko'ina. Masu ƙera motocin ƙasaita a Italiya da Jamus da Ingila ba su ga abin kwaikwayo a ciki ba, domin a wurinsu ba maƙiyin gudu kamar nauyi, batir kuwa nauyi ne tsantsa.

Filin tsere ne ya sauya wannan tunani. A 2009 gasar Formula 1 ta amince da tsarin KERS. A motar yau da kullum, duk sanda direba ya taka birki, ƙarfin gudun yakan zama zafi ya bi iska. KERS kuwa yakan sa injin lantarki ya koma janareto a lokacin birki, ya tara wutar a batir, sannan ya mayar wa direba ita idan ya danna maɓalli: ƙarfin doki kusan 80, na abin da bai kai daƙiƙa 7 ba a kowane zagaye. Farkon abin da ban tsoro. A gwajin da aka yi a Jerez ta Sifaniya a 2008, wuta ta ja wani bakaniken BMW Sauber da ya taɓa jikin mota har ta kayar da shi ƙasa. Duk da haka, a watan Yulin 2009 Lewis Hamilton ya ci tseren Hungari da McLaren mai KERS, nasara ta farko ga tsarin.

Gudun sa'a biyu daban, juriyar kwana guda daban. A 2010 kamfanin Porsche ya shiga tseren sa'a 24 na Nürburgring da 911 GT3 R Hybrid, wadda ba ta da batir. Wani faifai ne mai juyawa har sau 40,000 a minti yake ajiye mata ƙarfin. Tana kan gaba, saura ƙasa da sa'a biyu a tashi, ta tsaya. Da aka duba, sabon tsarin lantarkin lafiyarsa ƙalau. Injin fetur ɗin da kowa ya amince da shi ne ya gaza. Shekara biyu bayan haka, Audi R18 e-tron quattro ta zama motar haɗaka ta farko da ta ci tseren Le Mans na Faransa.

Sai 2013, shekarar da kamfanoni uku suka fito da amsa uku ga tambaya ɗaya. McLaren P1 ta zo da injin V8 mai lita 3.8 da turbo biyu, mai doki 737, lantarki ya ƙara 179, jimla 916. Guda 375 aka ƙera. LaFerrari ta riƙe V12 mai lita 6.3 ba turbo, doki 800, lantarki 163, jimla 963, kuma da farko guda 499 aka yi. Porsche 918 Spyder kuwa V8 ce mai lita 4.6 da doki 608, da injin lantarki ɗaya a gaba ɗaya a baya, jimla 887. A watan Satumban wannan shekara direba Marc Lieb ya zagaya filin tseren Nürburgring da ita cikin minti 6 da daƙiƙa 57.

Babu ɗaya cikinsu da aka sa wa lantarki don tausayin aljihun mai ita. Injin fetur yana da gurbi: sai ya ɗau juyi kafin ƙarfinsa ya fito, turbo kuma sai hayaƙi ya taru kafin ya soma hura iska. Injin lantarki kuwa daga juyin farko yake ba da duk abin da yake da shi. Don haka a P1, tsakanin taka totur da farkawar turbo, lantarki ne ke cike gurbin. A LaFerrari ma, tunda lantarki ya ɗauke wa V12 wahalar tashi, sai injiniyoyi suka saita shi don juyi mai yawa, har ya wuce 9,000 a minti.

Sai dai ƙarin ƙarfin ya zo da sabuwar damuwa, wato zafi. Batir ɗin litiyam ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 20 zuwa 40, ga shi an kwantar da shi kusa da injin da hayaƙinsa ke kai ɗaruruwan digiri. Wanda ya taɓa ganin hoton 918 daga baya zai lura bakin salansarta ba ya ƙasa kamar na sauran motoci. Sama yake, dab da bayan kan direba. Porsche ya juya kan injin ne ta yadda hayaƙi zai fita ta tsakiyarsa ya yi sama, don a nisanta zafi daga batir ɗin da ke ƙasa.

Da shekaru suka ja, sai ainihin raunin ya bayyana, ba kuma a inda aka yi tsammani ba. Injin lantarki kayan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, ba ya yawan ba da matsala. Kiranyen da Porsche ya yi wa 918 a 2014 ma kan ƙarafan da ke riƙe tayoyi ne. Abin da ya fi addabar waɗannan motoci shi ne ajiya. Wasu masu su jari suka saya, sai mota ta yi watanni a gareji ba a tashe ta ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Batir ɗin litiyam yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, idan kuma aka bari cajinsa ya ƙare ƙurmus, ƙwayoyinsa kan lalace har abada. Shi ya sa ake umartar masu P1 da LaFerrari su bar su jone da caja duk sanda suke ajiye. Kuma batir ɗin motar da guda 375 kawai aka yi, ba kayan da za a samu a kowace kasuwa ba ne.

Mercedes-AMG ya fi kowa zaƙewa. A 2017, a baje-kolin motoci na Frankfurt, ya yi alkawarin ɗauko injin Formula 1, V6 mai lita 1.6, ya sa a motar titi. An so a fara raba ta a 2019, amma sai farkon 2023 mai saye na farko ya karɓi tasa. Abin da ya fi ba su wuya ba gudu ba ne, silo ne. Injin tsere idan yana tsaye yakan juya kusan sau 5,000 a minti; sai da aka sauko da shi kusan 1,200 ba tare da ya yi gargada ko ya karya dokar hayaƙi ba. Da lantarki motar take tashi, a ɗumama na'urorin tace hayaƙi tukuna, sannan injin fetur ya kama. Ta fito da doki 1,063 da juyi 11,000, guda 275, a 2024 kuma direba Maro Engel ya zagaya Nürburgring da ita cikin minti 6 da daƙiƙa 29. Amma kamfanin da kansa ya ce a kilomita 50,000 sai an sauke injin an sake haɗa shi.

Sauran kamfanoni sun bi hanyar da ta fi sauƙi. Ferrari SF90 Stradale ta 2019 tana da V8 mai doki 780 da injinan lantarki uku, jimla 1,000, tana kuma iya tafiyar kilomita 25 ba fetur. Ba ta da giyar ribas. Injinan lantarkin gaba ne ke mayar da ita baya. A 2021 Ferrari 296 GTB da McLaren Artura suka sauko zuwa V6 mai lita 3, ta farko doki 830, ta biyu 680. Lamborghini ya ƙi rabuwa da V12, sai ya haɗa shi da injinan lantarki uku a Revuelto ta 2023, jimla 1,015. A nan kuma wata matsalar ta ɓullo: kwamfutocin da ke daidaita fetur da lantarki da birki da giya. Artura ta sha jinkiri kafin ta isa hannun masu saye, kuma manhaja na cikin manyan dalilan. Gyaran irin waɗannan motoci yanzu da kwamfuta ake fara shi kafin a ɗauki sifana.

A 2024 Ferrari ya yi abin da ya nuna an gane inda gizo ke saƙa. Ya fito da tsarin ƙarin garanti ga SF90 da 296, wanda a cikinsa za a sauya wa mota batir a shekara ta 8 da ta 16. Wato an yarda batir kayan ƙarewa ne, kamar taya da birki. A wannan shekarar ce kuma ya bayyana F80 mai doki 1,200, da V6 ɗan gida ɗaya da na 499P wadda ta ci Le Mans a 2023 da 2024.

Maganar ƙarfi dai an gama ta: lantarki ya sa injin lita 3 yana yin abin da na lita 6 bai iya ba. Maganar juriya kuwa da saura, domin tsofaffin cikin waɗannan motoci ba su daɗe da haura shekara goma ba. Duk wanda zai auna ingancin injin haɗaka, kada adadin doki ya ruɗe shi. Ya tambayi shekarun batir, da yadda aka ajiye motar, da ko kamfanin ya ɗau alkawarin ci gaba da ƙera batir ɗinta.