Auna Hazaƙar Ƙoli a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira: Matsalar Gwajin da ke Gagarar Na'ura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yunƙurin samar da gwajin basira da zai tantance haziƙai na ƙoli, wanda kuma na'ura ba za ta iya amsawa ba. Matsayarta ita ce gagarar na'ura daban, tantance haziƙai daban.

Inda ma'auni ke tsayawa

Gwajin Wechsler na manya, bugu na huɗu na 2008, da mutum 2,200 aka daidaita shi a Amurka. Matsakaicin makinsa 100 ne, ƙololuwa 160. A lissafi, mutum ɗaya cikin kusan 31,500 ke kai 160. Ke nan da wuya a samu ko guda irinsa cikin waɗanda aka daidaita gwajin da su, don haka makin can sama ƙiyasi ne.

Irin wannan giɓi Ronald Hoeflin ya so cikewa da gwajin Mega mai tambaya 48, wanda mujallar Omni ta buga a 1985. Ba ƙayyadadden lokaci, ba mai sa ido, a gida ake amsawa. Tun a lokacin akwai rauni, domin wanda ya yarda da kansa ne kawai ke shiga. Yau abin ya ƙara lalacewa: a 2023 masu bincike Webb da Holyoak da Lu sun nuna cewa tsarin ƙirƙirarriyar basira na GPT-3 ya kamo ɗaliban jami'a, wani wurin ma ya wuce su, a tambayoyi masu tsarin gwajin basira na Raven. Mai amsawa a gida, wa zai shaida shi ne ya amsa?

Gwajin ARC

A 2019 François Chollet ya fitar da ARC, gwajin da aka so ya gagari na'ura. Allo ne na ƙananan murabba'ai masu launi. Ana nuna misalai kaɗan, a bar mutum ya gano ƙa'idar da kansa. A wani aikin, duk filin da koren layi ya kewaye sai a cika shi da rawaya. Shekara biyar na'urori na fama da shi, sai a Disamba 2024 tsarin o3 na kamfanin OpenAI ya ci kashi 87.5 cikin ɗari, bayan kashe lissafi mai tsadar gaske. A Maris 2025 aka fitar da bugu na biyu.

A nan masu son aron wannan hanya don tantance haziƙai ke tuntuɓe. Da gangan aka tsara ARC ya zo wa mutum da sauƙi, ya yi wa na'ura wuya. Tambayar da yawancin mutane ke ci ba za ta raba mai 130 da mai 160 ba, kamar yadda sikelin buhu ba ya auna zinariya. Sa'an nan gagarar na'ura ba ta daɗewa, alhali daidaita gwaji aikin shekaru ne.

A ganina, duk makin da ya haura 160 wanda aka samu a gida ba mai sa ido, bai cancanci shiga rahoton bincike ba.