Idon da Ke Gadin Sararin Dutsin-Ma

Manomi a Kurfi ko mai kamun kifi a madatsar Zobe ta Dutsin-Ma kan ɗaga kai ya hango jirgin sama ya bar farin layi. Tun kafin ya hango shi, rada ta riga ta gan shi.

Aikinta kamar amsa-kuwwa ne: na'urar ta harba igiyar rediyo, ta daki jikin jirgi ta dawo, lokacin da ta ɗauka ya nuna nisansa. A 1935 Robert Watson-Watt ya gwada haka a Ingila, kuma a 1940 tashoshin rada suka riƙa fallasa jiragen yaƙin Jamus tun suna nesa.

Tamu ta yi jinkiri. Kano ta ga jirgi tun 1925, amma sai a 2003 aka ba kamfanin Thales na Faransa kwangilar kewaye sararin Najeriya da rada, Shugaba Jonathan ya ƙaddamar a 2010. Tashoshi 9 ne, har da Kano da Talata Mafara, kuma Dutsin-Ma da Kurfi na tsakaninsu. Irin ta Mafara tambayar jirgi take yi, shi kuma ya amsa da lambarsa da tsayin da yake tafiya.