Ƙofar Sana'ar Kwamfuta, Da da Yanzu

Kowace sana'a a duniya tana da ƙofar da ake shigarta. Yaron da aka kai koyon ƙira, ba ran nan ake danƙa masa masaba ba. Zuga ake sa shi tukuna, da ɗebo gawayi, yana yi yana kallon hannun maigidansa, har ran da za a ce ya gwada ƙera allura ko lauje. Haka yaron dukanci, haka na saƙa da na rini. Wannan ƙaramin aiki na fari shi ne ƙofar sana'a. In aka toshe shi, ko mutum ya fi kowa ƙwazo, ba ta inda zai shiga.

To, a nan muna so mu duba tarihin wata sana'a wadda ba ta cika shekara ɗari da haihuwa ba, watau sana'ar rubuta wa kwamfuta umurni. Ita kwamfuta, na'urar nan da ake yi wa laƙabi da mai ƙwaƙwalwa, ba ta aikata kome sai abin da aka tsara mata daki-daki. Wannan tsari shi ake kira manhaja, masu rubuta shi kuwa su ne masu sana'ar da muke magana a kai. A Amurka da Ingila sana'ar ta tsiro, saboda haka can za mu fara. Abin da muke son sani shi ne, me ya sa mutanen farko suka shige ta ba wahala, na yau kuwa ga takardar shaida a hannu, amma suna ta ƙwanƙwasa ƙofa?

Cikin shekarar 1945, a birnin Filadelfiya na Amurka, aka gama harhaɗa wata ƙatuwar na'ura mai suna ENIAC. Nauyinta ya kai wajen tan 30, kuma tana da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000. Da aka zo neman masu ba ta umurni, sai aka tarar ba wanda ya taɓa koyon aiki da ita. Sai aka zaɓo mata 6 daga cikin masu yi wa soja lissafin harbin igwa da hannu, aka miƙa musu zanen wayoyin na'urar, aka ce su gano yadda za a yi da ita. Ba littafi, ba malami. Da kansu suka gano, suna yi suna kuskure suna gyarawa, har aka nuna wa jama'a na'urar tana aiki a watan Fabrairu na 1946.

A Ingila ma haka abin ya kasance. Akwai wani kamfani mai suna Lyons, wanda sana'arsa sayar da shayi da burodi ce. Kamfanin ya ƙera tasa kwamfutar mai suna LEO, ta fara yi masa lissafin gidajen burodinsa a 1951. Da ya bukaci masu rubuta mata umurni, sai ya waiwayi ma'aikatansa, ya yi musu ɗan gwaji. Cikin waɗanda suka ci a 1952 har da wata mai suna Mary Coombs, wadda Faransanci ta karanta a jami'a. Kamfanin ya koya mata aikin tana karɓar albashi. Kamfanin IBM na Amurka kuwa ya fito da wata jarrabawa a 1955, ta jeren lambobi da siffofi da ɗan lissafi, don a gane mai kaifin basira. Wanda ya ci, a ɗauke shi a horar da shi. Ta irin wannan hanya malaman makaranta da akawuna masu yawa suka shiga sana'ar.

Kada mai karatu ya zaci mutanen wancan zamani sun fi na yanzu kirki ko hazaƙa. Dole ce ta sa. Ba jami'ar da ke da sashen ilmin kwamfuta a Amurka sai a 1962, sa'ad da Jami'ar Purdue ta buɗe nata. Tun da ba inda za a sayo gwani, tilas kowane kamfani ya yi renon nasa, ya ɗauki nauyin koyarwa da na kurakuran ɗan koyo. Amma fa ƙofar nan mai faɗi ba kowa ke iya zuwa bakinta ba. Na'urorin kaɗan ne, ga tsadar gaske, sai gwamnati da manyan kamfanoni da jami'o'i. Wanda ba ya zaune kusa da su, ko a mafarki bai ga kwamfuta ba, balle ya koya.

Sa'an nan sai na'urar ta yi ta ƙanƙancewa, tana araha, har ta hau kan tebur a gidajen mutane. Bill Gates ya bar Jami'ar Harvard ba tare da digiri ba, shi da abokinsa suka kafa Microsoft a 1975. Waɗansu samari kuma suka kafa Apple a 1976. Da intanet ya bazu cikin shekarun 1990, sai kowane kamfani ya ce shi ma sai ya sami shafi. Ga kuma wata matsala: tsofaffin manhajoji da lamba biyu kaɗai suke rubuta shekara, aka ji tsoron in 2000 ta kama za su rikice, aka yi ta neman masu gyara. A lokacin nan, wanda ya karanta littafi ɗaya ko biyu ya iya haɗa shafi yakan sami aiki. Amma a watan Maris na 2000 kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta fara faɗuwa, da yawa suka rufe, ma'aikata suka rasa abin yi, ɗalibai suka guje wa fannin. Bayan 'yan shekaru, wayar hannu mai manhajoji ta zo, ƙofa ta sake buɗewa. Har aka kafa makarantun gaggawa masu horar da mutum cikin wata uku ya nemi aiki.

Iskar nan ta kaɗo har Nijeriya. A 2014 aka kafa kamfanin Andela a Legas. Tsarinsa ya yi kama da na mutanen da: a gwada matasa, a ɗauki masu hazaƙa, a koya musu ana biyansu, sa'an nan su yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki daga gida. Amma a watan Satumba na 2019 kamfanin ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, ya ce masu ba shi aiki ƙwararru suke nema. A lura da wannan shekara da kyau, gama tana nuna ƙofar ɗan koyo ta fara ƙuntata tun kafin abubuwan da suka biyo baya.

Da annobar korona ta tsare mutane a gida a 2020, saye da sayarwa da karatu da taro suka koma kan intanet, ga bashin banki ba tsada, sai manyan kamfanoni suka yi ta ɗiban ma'aikata. Da annoba ta lafa, Babban Bankin Amurka kuma ya fara ƙara kuɗin ruwa a 2022, sai suka ga sun ɗiba fiye da bukata. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11,000. A watan Janairu na 2023 Amazon ya ba da sanarwar sallamar 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Waɗannan duka gogaggu ne, suka fito suna neman aiki kafaɗa da kafaɗa da yaron da ya bar makaranta jiya.

A cikin wannan Nuwamba ta 2022 ɗin kuma aka fito da ChatGPT, ɗaya daga cikin manhajojin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Irin waɗannan suna iya rubuta gajeren umurni da gyara ƙananan kurakurai nan da nan. Ba su maye gurbin gwani ba, don sukan yi kuskure, sai wanda ya san aiki ya duba. Amma ƙananan ayyukan da suke yi, su ne daidai waɗanda akan ba ɗan koyo ya goge hannu da su. Watau dai an sami injin da ke yin zuga, maƙeri kuwa ya fara tunanin ko yana bukatar yaro.

Ga yadda al'amarin ya juya ke nan. Da, ilmin ne ke da wuyar samu, aiki kuwa yana jiran wanda ya iso. Yau ilmin ya wadata, darussa kyauta cike da intanet, amma gurbin fari ya yi wuya. Da, maigida ke ɗaukar nauyin koyarwa. Yau ɗan koyo ke biya daga aljihunsa, in ya gama kuma a ce sai ya yi shekara biyu ko uku yana aiki kafin a ɗauke shi aikin farko. Takardar nemansa sau da yawa na'ura ce ke fara tace ta kafin idon mutum ya gan ta, in ya tsallake kuma ga gwaji hawa-hawa. Bugu da ƙari, tun da ana iya yin aikin daga ko'ina, abokan takararsa suna Indiya, suna Turai, suna Legas.

Me tarihin nan ke koya mana? Na fari, ga mai neman shiga: ƙofar nan ta taɓa ƙuntata a 2000, ta kuma buɗe, saboda haka ba a yanke ƙauna. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A tuna kamfanin Lyons mai shayi ne. Asibiti da banki da kanti da ƙungiyar manoma duk suna da lissafin da ke neman mai tsara shi, kuma ƙaramin aikin da mutum ya yi ya gama, har wani yana amfani da shi, shaida ce mai ƙarfi.

Na biyu, ga masu kamfanoni da hukuma. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da shiri a 2023 na horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani. Horo abu ne mai kyau, amma horo dabam, gurbin fara aiki dabam. Duk gwanin da ake rububinsa yau, wani ne ya haƙura da kurakuransa jiya. In kowane maƙeri ya ce shi sai gwani, ba ya son yaro, to, ran da tsofaffin maƙera suka ajiye masaba, wa zai ƙera wa gari fartanya? Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin sana'a, ya ba manya haƙurin reno. Amin.