Waiwaye: Yadda tagwayen Jos suka fitar da kundin Get Squared a 2005

A shekarar 2005 ne P-Square, wato tagwayen nan Peter da Paul Okoye, suka fitar da kundin waƙoƙinsu na biyu mai suna Get Squared. Matasanmu da yawa na ɗauka 'yan Legas ne, alhali a nan Jos aka haife su ranar 18 ga Nuwamba 1981, kuma a St. Murumba suka yi sakandare. Iyayensu 'yan Anambra ne da suka zauna a Filato, kamar yadda kakannin da yawa daga cikinmu suka zo suka zauna tun zamanin haƙar kuza.

Da rawa suka fara, suna kwaikwayon Michael Jackson. A 2001 suka lashe gasar Grab Da Mic, wanda hakan ya sa kamfanin Benson & Hedges ya ɗauki nauyin kundinsu na farko, Last Nite. Ya fito a 2003 ƙarƙashin kamfanin Timbuk2, kuma waƙar Senorita da ke cikinsa ta sa aka fara sanin su.

Da suka zo kan Get Squared sai suka canza dabara. Sun fitar da shi ƙarƙashin kamfaninsu na kansu, Square Records, yayansu Jude kuma shi ya shirya bidiyon waƙoƙin. Rabawa kuwa suka damƙa ta ga TJoe Enterprises, dillalin faifai a Legas. A wancan zamanin, kafin waƙa ta koma cikin waya, dillalan kasuwar Alaba ne ke buga faifai da yawa su sayar da araha, domin su riga 'yan satar fasaha cika kasuwa. Ta wannan hanyar Bizzy Body da Temptation suka iso shagunan aski da motocin haya, daga Terminus har Bukuru. A 2006 Get Squared ya zama gwarzon kundin shekara a bikin Hip Hop World Awards na farko, wanda yanzu ake kira Headies.

Abin lura a nan, Jos ce ta raini tagwayen, amma a Legas aka buga faifan, can kuma kuɗin ya tsaya. Haka M.I da Jesse Jagz da Ice Prince suka bi hanyar Legas daga baya. Garin da ya yi Ɗan Maraya ba ya rasa masu baiwa, kasuwar ce ta yi mana nisa.

Yau da waya kaɗai yaro zai iya kai waƙarsa ko'ina daga Gangare ko Unguwar Rogo. Shawararmu ga matasa masu wannan sana'a ita ce su riƙe haƙƙin mallakar aikinsu, kuma kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Allah ya ƙara mana zaman lafiya a Filato.